Tartsatsi da Ramin Ƙofa Bakwai

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar mata ramuka, ya ba abin gudu ƙafa, ya ba abin bi hanci, ya ba ɗan Adam harshe ya ce masa ya tsare shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni Tunau ɗan Nomau, maharbi jikan maharba, mutumin Ungwar Ƙaya da ke bayan Duwatsun Shuni, ga labarin tafiyar da na yi saboda tambaya guda ɗaya. Wanda ya san ni ya san ba ni da haƙuri, kuma ba zan ari haƙurin wani don in ba da labarin nan ba.

Karnukan gidanmu jajaye ne, masu dogon wuya da siririn ƙugu, tun daga kakan kakana ake riƙon irinsu. Sana'arsu farautar yanyawa, dabbar nan mai kama da dila da ke zama a rami. Mahaifina yana da wani sani da ni ban samu ba: yakan dubi ɗan kare ya san ranar da ya isa a cuna shi. In na ce, "Baba, yaushe?" sai ya ce, "Ba yanzu ba." Wata safiya kuma sai ya tashi ya ce, "Yau." Bai taɓa gaya mini abin da yake dubawa ba, ni kuma girman kai bai bar ni na matsa masa ba. Zazzaɓin kwana uku ya ɗauke shi, ya tafi da amsar a cikinsa. Har yau ina jin haushinsa a kan wannan, Allah ya jiƙansa.

Ya bar mini tsohuwar karya da 'ya'yanta biyu maza. Na farko na cuna shi yana wata takwas, don na ga ya yi tsawo. Yanyawa ta yage masa maƙogwaro a gabana. Na biyu na jira har wata goma, don maƙwabta sun ce haƙoransa sun cika. Ya shiga rami da ƙarfinsa, na yi kwana biyu ina haƙa, abin da na samu ba na son faɗinsa. Daga baya tsohuwar ta haifi 'ya guda tak ta mutu. Wannan 'yar ce na sa wa suna Tartsatsi, kuma ita kaɗai ta rage daga irin gidanmu a duk duniya. Na rantse ba za ta ga bakin ramin yanyawa ba sai na sami wanda ya san lokaci. Na saka ta a burgami, na ɗaura wa jakina kaya, na ba gida baya.

Na ƙetare Kogin Juyau, wanda yake gudu gabas da safe ya koma yamma da la'asar, har masu jirginsa sun manta yadda ake riƙe filafili. Na ratsa Filin Gishiri kwana tara, inda ƙasa ke cin tafin ƙafa, sai da na yanka bakin burgamina na ɗinka wa Tartsatsi takalma huɗu. Duk garin da na sauka tambayata ɗaya ce, kuma kowa da tasa amsar. Wani ya ce a dubi jela, wani ya ce a dubi wata, wani ya ce in ba shi goro tukuna. A ƙarshe aka nuna mini hanyar Kukar Masana.

Kuka ce guda ɗaya, amma sai mutum ya yi tafiyar yini kafin ya zagaye gindinta. A cikin kogonta masana ɗari uku suke zaune hawa-hawa, kowa da tarin takardunsa, kuma an ce akwai waɗanda suka shekara arba'in ba su taka ƙasa ba. Na durƙusa na faɗi abin da ya kawo ni. Babbansu ya leƙo daga sama, ya dubi Tartsatsi, ya dubi jakina, ya ce, "To, wanne ne karen a cikinsu?"

Na haɗiye abin da ya taso mini, na nuna masa. Nan suka rabu biyu. Mutanen hawan dama suka ce wata goma sha biyu, mutanen hawan hagu suka ce sha takwas. Kwana uku ina zaune suna jifan juna da takardu. A rana ta huɗu wani mai siririn gemu ya ce ai raba gardama ba wuya, a yanka karyar a dubi ƙashin ƙirjinta, in ya haɗe an san gaskiya. Wannan ne kaɗai abin da duka ɗari ukun suka yarda da shi. Suka sa aka tare ƙofa, aka kawo wuƙa.

Na fusata, amma mutum ɗaya ba ya dukan mutum ɗari uku. Na miƙe na ce, "Allah ya gafarta muku, na yarda. Sai dai a gidanmu ba mai sa wa karenmu wuƙa sai wanda ya fi kowa sani a wurin. Ku nuna mini shi in miƙa masa ita." Kafin in rufe baki mutum goma sun miƙo hannu. Kafin a jima masu tsaron ƙofa ma sun shiga rabon faɗa. Na ja jakina na fita a hankali, ba wanda ya waiwayo.

Tartsatsi tana wata bakwai muka isa Birnin Zabuwa. Tun daga tafiyar rabin yini ake jin garin kafin a gan shi, domin dukiyar mutanensa zabbi ce, dubbai a kan dubbai, har rufin ɗakunansu da gashin zabbi suke yi. Maƙiyinsu ɗaya ne, yanyawar ƙasar, wadda ta kai girman ɗan akuya. Babban raminsu yana gabas da ganuwa, ana ce masa Ramin Ƙofa Bakwai. Na ji daɗi da na ji haka. Na ce mutanen da suka gaji gaba da yanyawa tun kaka da kakanni, dole su san abin da nake nema.

Ranar kasuwa na shiga. Ban gama gaida masu gadin ƙofa ba suka karɓe Tartsatsi daga hannuna, suka ce dokar gari ce, duk ɗan karen da ya shigo sai an yi masa gwajin igiya. Suka kai mu wani fili da aka kewaye da danga, inda karnuka fiye da ɗari suke ɗaure a turaku. Sarkin Dawan garin, wani ƙato mai suna Gagare, yana zaune a kan turmi. Aka ɗaure Tartsatsi da igiyar rama mai tufka uku, wani ya jawo busasshiyar fatar yanyawa ta gabanta. Jinin gidanmu ya motsa. Ta zabura sau ɗaya, sau biyu, a na uku igiya ta tsinke. Sai ganguna suka ɗauka.

Gagare ya ce, "Baƙo, barka da arziki. Karyarka ta isa. Kasuwa mai zuwa za ta shiga rami."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wata bakwai gare ta. Ko zomo ba ta taɓa kamawa ba."

Ya ce, "Mu ba ma tambayar kare shekarunsa. Igiya muke tambaya. Wanda ya tsinke ta zuciyarsa ta nuna, wanda ya kasa a bar shi ya yi gadin akurki."

"To in ta mutu fa?"

"Sai mu san ba karen gaske ba ce. Je ka sha ruwa, baƙo, na ga rana ta taɓa ka."

Da la'asar ɗin nan na bi jama'a zuwa ramin, na ga abin da suke kira farauta. 'Yan karnuka goma aka jera, kowanne an rataya masa gashin zabuwa a wuya, masu su suna ta washe baki. Aka sake su ɗaya bayan ɗaya. Suna ganin baƙin rami suke afkawa, ba sunsuna ƙasa, ba duban iska. Daga ciki sai ka ji gurnani, ka ji kuka, ka ji shiru. Biyu suka fito da ƙafafunsu, aka yi musu kirari. Uku suka fito da jan ciki, aka ja su gefe aka yar. Biyar ba su fito ba, masu su suka kakkaɓe riga suka ce rabonsu ke nan. Ban taɓa ganin wautar da aka yi wa kiɗa irin wannan ba, kuma da ina da wuta a hannu a lokacin da na cinna wa garin.

Jama'a na watsewa sai ga wata tsohuwa gajera ta zo da kwando. Ta tsuguna tana duba ukun da aka yar, tana ɗaure musu rauni da tsumma. Na je na taya ta ɗaga ɗaya. Ta ce sunanta Gwamma, shekara talatin tana kwashe abin da garin ya zubar.

Ta ce, "Kai ne mai jar karyar nan? Na ga tafiyarta. Ƙirjinta bai buɗe ba, tafin ƙafarta ma bai yi kauri ba. Kwana huɗu gare ka, ɗan nan."

Na ce, "Inna, ke kin san lokacin da kare yake isa?"

Ta ce, "Fito da ita da rai tukuna. In ka fito, ka nufi tudun arewa mai tsamiya guda."

Kwana biyu ina zagaya dangar nan ina cizon yatsa. Masu gadi huɗu ne, ƙofa ɗaya. A rana ta uku na lura da inda suke rataye fatar gwaji, a cikin wata 'yar bukka nesa da hancin karnuka. Da rana ta take, masu gadi suka miƙe a inuwa, na zare fatar na ɗaure ta a wutsiyar jakina. Na kora shi ta tsakiyar turaku, na zuba masa bulalar da har yau nake neman gafararsa. Mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna zaɓen kare mai tsinke igiya, ranar nan suka ga amfanin zaɓensu. Karnuka ɗari suka tsinke lokaci guda, suka bi jaki, suka tumurmushe danga da masu gadi, suka ratsa gari, zabbi suka tashi sama har rana ta dushe. Ni kuwa na cusa kan Tartsatsi a burgami don kada ta bi su, na rungume ta na fita ta ƙofar arewa. Ta cije ni a damtse ta cikin fata. Jakin ya same mu a tudu bayan kwana biyu, ba gashi ko ɗaya a wutsiyarsa, kuma ya yi mako bai dube ni ba.

Abu na farko da Inna Gwamma ta yi shi ne ta kwance igiyar wuyan Tartsatsi ta jefa a murhu. Na ce, "Inna, za ta gudu." Ta ce, "In igiya ce kaɗai ke riƙe da ita, ai ba ka da kare, igiya gare ka."

Da akushi ta fara. A ajiye abinci a gaban Tartsatsi, ba za ta taɓa ba sai na ce ta ci. Sati uku muka yi a kan wannan kawai, ni ina ta ƙunƙuni, ina cewa ban ƙetare Filin Gishiri don in koyi ba kare tuwo ba. Daga nan aka koma ɓera, daga ɓera gafiya, daga gafiya zomo. Kowane ɗaya sai ya wuce ta gabanta tana tsaye, jikinta na ɓari, har sai na yi magana. Inna Gwamma ta haɗa ta da wani tsohon kare mai ido ɗaya da ya taɓa fitowa daga Ramin Ƙofa Bakwai, Tartsatsi ta riƙa bin bayansa tana koyon karanta iska da sawu. Duk Juma'a tsohuwar takan kwantar da ita ta latsa ƙirjinta, ta murza tafin ƙafarta, ta buɗe bakinta, sannan ta tashi ba ta ce komai ba. Wannan shirun nata ya fi komai ƙona mini rai, don irin na mahaifina ne.

Wata rana na kasa daurewa, na ce, "Inna, ko dai ki gaya mini ko in kwashe kayana."

Ta ce, "Zauna. Yanyawar nan ba ta faɗa a fili, a fili gudu take yi. Dabararta a rami take. Za ta leƙo ta nuna wa kare kai, ta ja da baya, ta sake leƙowa. In ya bi ta sai ta kai shi inda rami ya ƙuntace, inda ba zai iya juyawa ba, 'yan'uwanta kuma suna laɓe a gefe. Karen da zafin jini ke ja, nan yake ƙarewa. Saboda haka kare ya isa yanyawa a fili ranar da za ta leƙo masa ya tsaya ba igiya, har hayaƙi ya fito da ita. Shiga rami kuwa sai ya ga damina biyu, ƙashinsa ya yi ƙwari, ya kama goma a fili. Ka ji abin da ka bar gida dominsa."

Nan na tuna ɗan karena na biyu da yadda na tafa masa lokacin da ya afka.

Ta ce, "Saura ɗaya. Ka rage yi mata tsawa. Na ƙone igiyar rama, yanzu muryarka ce igiyarta. Abin da ka ce shi za ta yi, ko da wuta ka nuna mata."

Na ce na ji. A lokacin har raina na ɗauka na ji.

Wata shida muka yi a tudun nan. Tartsatsi ta cika, ta yi ƙirji, ta kama zomo ya fi ashirin, ta iya tsayawa kamar an dasa ta. Sai wata safiya muka hango ƙura daga kudu. Gagare ne da mutum arba'in, kowa da mashi. Ashe wani mai neman itace ne ya ga jar karya ya kai labari.

Gagare bai ko yi sallama ba. Ya ce, "Gwamma, an bar ki da guragunki don ba ki tare wa kowa hanya. Amma wannan ta tsinke igiya a gaban jama'a, rami yana jiran ta. Ko ta je gobe, ko mu soke ta a nan mu koma."

Na ɗauki gatarina. Tsohuwar ta taka mini ƙafa da dugaduganta har sai da na ajiye.

Ta ce, "Gagare, na san ka tun kana yawo ba wando, saboda haka ka saurare ni. Me dokar ta ce? Kare ya shiga rami, ko kare ya kashe yanyawa a ramin?"

Ya ce, "Ya kashe yanyawa a ramin."

"To gobe za ta kashe muku yanyawa a bakin Ramin Ƙofa Bakwai, kowa yana gani. Amma yadda na ga dama za a yi. In ta kashe, ku sakar wa baƙo karyarsa."

Ya yi dariya ya ce ya yarda, don yana son gari ya ga yadda tsufa ke taɓa hankali.

Da gari ya waye duk Birnin Zabuwa ya fito. Inna Gwamma ta sa na toshe ƙofa biyar da duwatsu. A ta shida, wadda iska ke shiga, ta tara yayi da busasshen kashin jaki da barkono ta kunna. Ni da Tartsatsi ta tsayar da mu taku goma daga ƙofa ta bakwai. Kafin ta tafi wajen wutarta ta kama hannun rigata ta ce, "Ramin yana da zurfi, hayaƙi zai daɗe kafin ya cika shi. Kada ka yi magana sai ka ga jelarta a waje, duk jikinta a fili. Ka ji ni, ɗan nan?" Na ce, "Haba Inna, sau nawa za ki faɗa?"

Da mutane suka ga kare a bakin rami ba igiya, sai suka matso suna miƙa wuya. Hantsi ya ɗaga. Can sai ga kunnuwa biyu manya, sai ga kai. Yanyawa ta dubi Tartsatsi ido cikin ido, ta ja da baya. Tartsatsi ta yi rawar jiki tun daga wuya har jela, amma ƙafarta ba ta ɗaga ba. Ban taɓa alfahari da wani abu a duniya kamar yadda na yi a lokacin ba.

Amma mutanen garin ba abin da suka gani ke nan ba. Wani ya ce tsoro ne ya kafe ta. Wani ya ce a kawo mata tabarma. Yanyawa ta sake leƙowa, Tartsatsi ta sake tsayawa, dariya ta ƙaru. Rana ta hau tsaka, gumi yana shiga mini ido, hayaƙi kuma ko alamarsa babu a ƙofarmu. Makaɗa suka juya kiɗa suka koma yi mana zambo. Na cije haƙora.

Gagare ya taso daga inuwa ya zo ya tsaya kusa da ni, ya yi magana yadda kowa zai ji. "Baƙo, an ce tun kakan kakanka kuke riƙon irin nan. To yanzu na gane. Ashe gadon tsoro ake yi a gidanku. Shi mahaifin naka, haka yake tsayawa a bakin rami yana rawar ɗari, ko shi daga cikin ɗaki yake tasa farautar?"

A daidai lokacin yanyawa ta leƙo karo na uku. Na san abin da aka gaya mini. Ina jin maganar tsohuwar a kunnena, ban manta ko kalma ɗaya ba, kada wani ya yi mini uzuri. Na buɗe baki na daka tsawar da aka ji har ganuwa.

"Tartsatsi, kama!"

Ta juyo ta dube ni. Dubawa ɗaya, gajera, irin ta wanda yake so ya tabbatar ya ji daidai. Sannan ta shige.

Ba ta daɗe da ɓacewa ba na ga siririn hayaƙi ya fara fitowa daga ƙofar. Da na ƙara daurewa gwargwadon shan ruwa kofi guda, da yanyawar ta fito da ƙafarta.

Na ji gurnani daga ƙasa, na ji muryar Tartsatsi, na ji muryoyin da ba nata ba. Na faɗa ramin da kai, kafaɗuna suka maƙale. Na fito na kama haƙa da gatari, ƙotar ta karye, na koma da hannu. Farcena huɗu suka fita ban sani ba. Inna Gwamma ta kashe wutarta ta zo tana kwashe ƙasar da nake turowa. Mutum arba'in masu mashi suna tsaye suna kallo, ba wanda ya sunkuya. Sai bayan la'asar hannuna ya taɓa gashi mai ɗumi. Na jawo ta ta ƙafafun baya. Ta fito da yanyawa a bakinta, matacciya, ta ƙi saki. Ƙafarta ta gaba ta dama kuwa, daga gwiwa zuwa ƙasa, fata ce kawai ke riƙe da ita.

Ganguna suka ɓarke. Gagare ya dafa kafaɗata yana murna, ya ce, "Ka gani, baƙo? Da ka bar ta ta shiga tun farko da ba a ɓata wa mutane yini ba. Igiya ba ta ƙarya. Ɗauki karyarka, ta gaske ce." Ya juya ya ce a jero 'yan karnukan wannan kasuwar, tunda jama'a sun riga sun taru.

Na so in shaƙe shi, amma hannuwana suna ɗauke da Tartsatsi, kuma na san ba shi ne ya yi tsawar ba.

A tudu tsohuwar ta yanke abin da ya rage na ƙafar, ta ƙona bakin raunin, ni ina danne da kan Tartsatsi tana lasar hannuna. Sai da ta gama ta wanke wuƙarta sannan ta dube ni. Ban taɓa ganin fushi a fuskarta ba sai ranar.

Ta ce, "Shekara talatin nake jiran kare guda da zai tsaya a gaban mutanen nan su gani da idonsu. Na samu. Ta tsaya rabin yini ba igiya, yanyawa tana leƙo mata. Kai da aka zage ka sau ɗaya, ko numfashi goma ba ka iya ba. In ta warke ka ɗauke ta ku tafi. Kada ka yi mini sallama."

Haka aka yi. Na ɗora Tartsatsi a kan jaki muka sake ratsa Filin Gishiri, muka ƙetare Kogin Juyau, muka iso Ungwar Ƙaya da amsar da na fita nema. Irin gidanmu bai ƙare ba, ta haifa mini 'ya'ya, kuma yanzu daga garuruwa ake zuwa a tambaye ni yaushe ɗan kare ya isa. Ina faɗa musu dalla-dalla, ba na ɓoye komai. Wannan shi ne abin da idona ya gani kuma bakina ya jawo, wanda ya ji ya roƙa mini gafara in ya ga dama.

Abin da ba na iya jurewa ɗaya ne. Da ta riƙe ni a zuciya, da ta ƙi ni, da na sami sauƙi. Amma har yau, ko tana kwance a inuwa a ƙarshen gida, in na kira sunanta sai ta zabura ta taho da gudu a kan ƙafa uku, ta tsaya a gabana tana duban bakina, tana jiran abin da zan ce.